Goggo Kulu da Takalmin Kamfani

Ƙamshin jemammiyar fata da na yajin daddawa ne suka cika motar Illela tun direba bai tada ta ba. Wani dattijo da ke gidan gaba ya toshe hanci da gefen rawaninsa, ya ce, "Wa yash shigo muna da majema cikin mota da sassahe?" Goggo Kulu ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ƙara rungume jakarta ta ce, "Alhaji, ai majema kake takawa tun daga gida. Dubi ƙahwarka." Mota ta ɗauki dariya, har da shi. Ni kuwa ina maƙale a jikin taga, littafin da nake rubuta 'yan waƙoƙina yana kan cinyata, murna ta cika ni.

An fi shekara da dawowarmu daga Yamai, amma har yau kun hana ni sakat. A gidan biki, a gidan suna, a waya, sai wata ta ja ni gefe: "Saude, wai da gaske kin tuƙa babur?" "Wai da gaske Goggo ta yanka takalmin mutane?" Na gaji da ba da shi gutsi-gutsi, kowa ta tafi da nata ta ƙara masa gishiri. Ga shi nan gaba ɗaya.

Ga wadda ba ta san mafarin ba, ina aiki ne a wata 'yar masana'antar takalma da jakunkuna a Sakkwato, kan hanyar Dundaye. A lokacin ni kaɗai ce mace a wurin, kuma ko ni a ofis aka ajiye ni ina amsa waya, alhali sarrafa fata na karanta. Sai mai wurin, Alhaji Ummaru, ya sayo kekunan ɗinki masu aiki da lantarki, ya gyara wani ɗaki a baya, ya ce na mata ne. Mata tara daga gidajen dukawa na Ƙofar Kware suka ce suna so. Mazajensu suka ce sun yarda, amma da sharaɗi: Goggo Kulu ce za ta zama babba a ɗakin, ba namiji ba. Goggo yayar mahaifina ce. Tun tana 'yar shekara bakwai take ɗinkin fata da basilla, a zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe, kuma ba ta taɓa taka ko keken ɗinkin atamfa ba. Shi ma Alhaji ya kafa nasa sharaɗin. Ya ce ta je Yamai, inda wata abokiyar cinikinsa ke da masana'anta ta mata zalla, ta yi mako biyu, ta ci gwajinsu, ta kawo masa takarda. In babu takarda, Malam Sani mai yankan fata ne zai riƙe ɗakin. Kowa ya san ma'anar wannan: matan nan tara za su zauna a gida. Ni aka haɗa ta da ni, in yi mata rakiya da karatu, in kuma koyo gyaran kekunan.

Lokacin kaka ne. Muka wuce Kware da Gwadabawa, ana ta jera dammunan gero a bakin hanya, Goggo tana ɓare mini ɗanyar gujiya tana zuba mini a tafin hannu kamar 'yar yaye. Kafin hantsi ya yi zafi muna Illela.

Mako guda na yi ina bitar gaisuwar Faransanci a gaban madubi. Da muka tsallaka ɓangaren Nijar na gyara murya, na miƙa takardunmu da katin rigakafi, na zuba wa jami'in duk abin da na haddace. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Lahiya lau, ɗiyar Sakkwato. Kun taho lahiya?" Na ji kamar in shige cikin hijabina. Ya buɗe jakar Goggo. Sai ga wuƙa, ga basilla uku, ga kakin zuma, ga ƙullin zare, ga kirgi a naɗe.

"Inna, yaƙi za ki?"

"Makaranta za ni."

"Lakwal? Da wuƙa?"

Goggo ta matsa kusa da shi. Hannu ta miƙa ta murza bakin ɗamarar da ke ƙugunsa, ta kai yatsun hancinta. "Ɗana, wa yab ba ka wagga? Roba ta, fenti anka yi mata."

"Haba Inna! Fata ce ta gaske!"

"Akuyar da anka feɗe wagga, a kamfanin bokiti anka haihe ta."

Abokan aikinsa har da masu riƙe ciki don dariya. Ya buga mana hatimi yana shafa ɗamarar, kamar wanda aka gaya wa mugun labari game da amininsa.

A Ƙonni muka shiga doguwar bas, kowa da lambar kujerarsa. A nan na fara sanin na bar gida. Mu a tasharmu mota ba ta motsi sai ta cika, sai an ƙara biyu a kan cikar. Goggo ta shafa kujerun da ke kusa da mu ta ji babu kowa, ta ce, "Wagga sai azahar," ta sauka neman fura. Ƙarfe goma na bugawa direba ya rufe ƙofa ya ja. Ni da ko a aji ba a jin muryata, ranar duk Ƙonni ta ji ni. "Ku tsaya! Goggona! Direba, Goggona!" Na waiwaya ta gilashin baya, sai ga ta tafe a guje, hijabi na tashi sama, ledar fura a hannu ɗaya, ɗayan yana yi wa bas daƙuwa. Da ta shigo tana haki ta ce wa direban, "Kai wace irin mota ta ka tahiya da yunwa?" Ya nuna mata agogo. Ta ce, "Agogon shi ka biyan kujera?"

A Dogon Dutsi na sayi burodinsu, dogo kamar taɓarya. Goggo ta ƙwanƙwasa shi a jikin kujera ta ce a ajiye, zai yi amfani in kare ya biyo mu. Bayan Dosso direba ya rage gudu, mutane suka koma gefe ɗaya, ana cewa raƙuman dawa. Uku ne, suna tsaye a cikin itatuwa, suna kallonmu daga sama kamar sun san wani abu game da mu da ba za su faɗa ba. Na buɗe littafina. Na kwatanta wa Goggo tsawonsu da zanen jikinsu, ina jiran ta yi tasbihi. Ta ce, "Guda za ta yi tumtum goma." Na rufe littafin.

Rana na shirin faɗuwa muka shiga Yamai. An ce mana makanikin masana'antar zai tarbe mu, don haka ina ta duban maza. Sai wani babur ya tsaya a gabanmu, mai shi ya tuɓe hular kwano, sai ga mace da ɗan kwali da 'yan kunne, tana dariya da wushirya. Bibata ke nan, Bazabarma, uwar 'ya'ya uku, ita ke gyara duk wani inji na wurin, kuma a gidanta za mu sauka. Ta sa Goggo da kaya a tasi, ta buga kujerar bayanta ta ce mini, "Hau, 'yar Najeriya." Na hau. Goggo ta leƙo ta taga tana salati: "Saude! Ɗiyar Malam Buhari bisa babur bayan mace!" Iska na dukan fuskata na yi ta tunani: a can gida, Runjin Sambo, kullum sai na hau bayan ɗan kabu-kabun da ban san ko sunansa ba, ba wanda ya taɓa cewa uffan, yau don mace ke riƙe da kan babur ya zama abin salati. Dariya ta kama ni, na yi ta yi har Bibata ta tsaya ta tambaye ni ko lafiya.

Ɗakinmu fes, da gidan sauro da randa. Matsala ɗaya, soket ɗinsu ramuka biyu ne zagayayyu, cajata kuwa mai ƙafa uku ce, na tsaya ina jujjuya ta kamar za ta canza ra'ayi. Bibata ta karɓa, ta fito da sukuddireba daga cikin ɗan kwalinta, wallahi daga cikin ɗan kwali, ta canza mata kai kafin in gama alwala. Aka kawo mana dambu da wani abu da suke kira kopto. Goggo ta ɗanɗana ta ce, "Kwaɗon zogale na, suna ɗai kunka sake mai." Ta zaro yajinta ta barbaɗa wa kowa ba tare da ta tambaya ba. Mahaifiyar Bibata, wadda ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, ta yi tari har da hawaye, sannan ta miƙo kwanonta a ƙara. Daga ranar suka ƙulla ƙawance, kowace tana zuba labari da harshenta, suna tafawa.

Washegari muka je masana'anta. Tun daga ƙofar waje nake jin rugugin kekuna kamar ruwan sama a kan kwano. Da aka buɗe ɗakin ɗinki na tsaya cik. Mata ne layi-layi, wata na ɗinki, wata na buga guduma, wata ta kutsa kai ƙarƙashin inji. Ina cikin wannan mafarkin ban lura da abin da Goggo ta yi ba. Ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa, ta jera su tsaf, ta taka cikin ɗakin da tafin ƙafa, ta je gaban shugabar wurin, Madam Ramatu, ta durƙusa tana gaisuwa.

Madam Ramatu doguwa ce mai tabarau, ba ta kai Goggo shekaru ba. Ta daka tsalle. "Inna, tashi! Ina takalminki?"

"Suna ƙohwa. Ɗakin mutane na, in shigo da takalmi?"

"Kada ki motsa! Ko taku ɗaya!"

Haka Goggo ta tsaya a tsakiyar ɗaki kamar an dasa ta, aka zo da tsintsiya aka share kewayenta, aka tsinto guntayen allura biyu da ƙusa. A can ladabi shi ne ka shiga da takalmi. Aka ba mu namu na aiki, baƙaƙe, masu ƙarfe a baki, ƙasansu ya kai kaurin bulo. Aka ba mu ƙaramin hijabi mai roba wanda ake cusawa cikin shuɗiyar riga, don kada inji ya kama shi, aka karɓe zobba da awarwaro. Hijabin bai dami Goggo ba, tunda babu namiji. Takalmin ne. Tana tafiya kamar an ɗaura mata turmi a kowace ƙafa.

Ƙarfe goma aka kaɗa wata 'yar ƙararrawa, sai na ga wajen kashi ɗaya cikin uku na matan sun kashe kekunansu sun fice. Na bi su. Ɗaki ne a gefe, da tabarmi da fanka da wata tsohuwa mai raino, jarirai sun cika shi. Kowace ta ɗauki nata ta zauna tana ba shi nono, ana hira. Madam Ramatu ta same ni a bakin ƙofar ina share ido. Ta ce da can ma'ajiyar kaya ce. Duk yarinyar da ta koya wa aiki, da ta haihu shi ke nan ba ta dawowa, sai wata rana ta gaji ta sa aka kwashe kayan aka shimfiɗa tabarmi. Ƙarfe huɗu kuma ake tashi, motar wurin ta kai kowa unguwarsu da sauran rana. Na rubuta duk wannan a littafin waƙoƙina. Kafin mako ya ƙare littafin ya cika da zanen noti da bel da tabon baƙin mai, kuma ban ji haushi ba.

Ni dai nawa karatun yana tafiya. Na Goggo ne ya tsaya, kuma feda ce ta tsayar da shi. Keken lantarki ba a juya shi da ƙafa, taɓa shi ake yi. In ka taɓa fedar a hankali ya yi tafiyar amarya, in ka ɗan danna ya zabura. Goggo kuwa da takalmin nan ba ta jin inda fedar take, balle yadda ta danna ta. Sai ta daidaita fata, ta yi bismilla, ta ɗora ƙafa, sai keken ya kwasa a guje, garrr, ya ratsa fatar ya faɗa waje. Ranar farko allura huɗu ta karya. Matan suka sa mata suna Direban Ƙonni, saboda na ba su labarin bas. In ta zauna sai ka ji ana cewa, "Ku matsa, mota za ta tashi!" Ita ma tana dariya, tana cewa, "Ba na jiran cika!" Amma a motar komawa gida shiru take yi, hannayenta a cinya.

Ranar Alhamis ɗaya daga cikin matan nan tara, Hajara, ta kira wayata. "Goggo, mun ga yadi shuɗi mai kyau, mu kai ma tela a ɗunka muna rigunan aiki?" Goggo ta ce, "Ku ɗan dakata, ɗiyata."

Ranar Juma'a, da aka fita hutun rana, wanda a can dogo ne har gari ya yi tsit, ta ja ni muka koma ɗakin ɗinki. Ta zare ƙafar dama daga takalmin, ta ɗora tafinta a kan feda. Keken ya yi wani irin kwantar da murya, tik, tik, tik, ya bi gefen fatar kamar an ja masa layi. Na toshe bakina kada in yi ihu. Muna ɗaga kai sai ga Madam Ramatu a tsaye. Goggo ta roƙe ta, har da cewa ta ɗauke ta kamar uwarta. Madam ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi, ta tuɓe nata takalmin, ta nuna mana wani tabo a tafin ƙafarta. Ta ce guntun allura ne, ya yi wata biyu a ciki kafin a ciro shi. "Inna, in na bar ki, gobe yara goma za su tuɓe. Da takalmi ake aiki, da takalmi ake gwaji."

Ranar Lahadi babu aiki. Bibata ta kai ni na ga kogi, sannan ta kai ni wani fili ta ce sai na tuƙa babur. E, gaskiya ne, na tuƙa. Na yi zagaye biyu ina ihu, a na uku na shige cikin tarin karan dawa, wata akuya ta tsaya a kaina tana taunawa. Muka dawo da la'asar muna ta kyakyatawa, muka tura ƙofar gida, dariyar ta maƙale mini.

Goggo na zaune a gindin dogonyaro, ƙafafu a miƙe. Takalmin kamfani na dama yana kan cinyarta, a farke. Ƙasansa na gefe guda, ƙarfen bakinsa na kan tabarma kamar ƙoƙon kunkuru.

"Innalillahi! Goggo, kayan mutane!"

"Takalmi na ko? A cikin takalmi anka haihe ni. Miƙo man kakin can."

Kirgin da ta taho da shi daga Sakkwato ta yanka daidai ƙafarta. Ta fere shi ya yi laushi a daidai inda ƙafa ke taɓa feda, ta mayar da ƙarfen mazauninsa, ta bi da zare mai kaki tana ɗinkewa, tana ja da haƙori. Mahaifiyar Bibata na riƙe mata da baki ɗaya, tana ba da shawara da Zabarmanci. Na ce, "To na hagun fa?" Ta ce, "Shi mi yay yi man? Ba shi ka taka feda ba." Ta sa duka biyun ta miƙe, ɗaya dogo ɗaya gajere. Bibata ta zube ƙasa tana dukan tabarma. Ni dariya na cina, tsoro na cina, don na san Madam tana iya cewa mu tattara mu tafi.

Ranar Litinin tafiyar Goggo ce ta tona mata asiri. Ƙwas, laɓ. Ƙwas, laɓ. Madam Ramatu ta ɗago daga teburinta. "Inna, me ya sami ƙafarki?"

"Ƙahwa lahiya lau. Takalmin na na yi ma magani."

Kekuna suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya har ɗakin ya yi tsit. Madam ta sa aka kawo wa Goggo kujera, ta karɓi takalmin, ta juya shi, ta tuɓe tabarau ta mayar. Ta bi ɗinkin da farce tun daga baki har dunduniya. Ta ce Bibata ta kawo guntun allura da guduma. Ta kafa allurar a kan kirgin ta buga, allurar ta lanƙwashe. Ta ɗaga ƙarfen da ake ɗora takalmi a kai ta sake shi a bakin takalmin, ya yi ƙara ya gangara. Ni dai ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

"Kin lalata kayan kamfani ba ki tambayi kowa ba."

"Na tambaya, kinka ce a'a."

"Tuɓewa kika tambaya, Inna, ba yankawa ba!"

"To ai ban tuɓe ba."

Wata a baya ta kasa riƙe dariyarta, ta mayar da ita tari. Na ga gefen bakin Madam yana rawa, amma ta daure. Ta ce hukunci biyu ne. Na farko, Goggo za ta yi wa na hagun irin wannan aikin kafin ta karye a ɗakin mutane, kuma a gaban kowa za ta yi, don yara su ga yadda ake ɗinkin hannu. Na biyu, ba za a ɗaga mata gwaji ko da yini ɗaya ba. Alhamis, kamar kowa. Wato abin da sauran masu koyo suka koya a kwana goma, ita kwana uku gare ta.

Kwana ukun nan ko hutun rana ba ta fita. Bibata ta riƙa tara mata guntayen fata a kwando, ni ina sa mata zare in ya tsinke don kada lokaci ya tafi, ita kuwa tana bi, miƙaƙƙe, lanƙwasa, kwana, yatsanta na manne da gefen fatar. Sunan Direban Ƙonni bai bar ta ba, sai dai yanzu in ta zauna cewa ake yi, "Direba, a hankali da fasinja."

Ranar Alhamis da hantsi aka jera mu. Ni na ci nawa, ko da yake na gama haɗa keken sai na tarar da noti ɗaya a aljihuna, na sake kwancewa ina gumi. Na Goggo kashi uku ne: ta canza allura, ta sa wa keke zare tun daga sama har kafar allura, sannan ta ɗinka murfin jaka mai lanƙwasa. Sai a lokacin na tuna ban taɓa ganin ta sa zaren da kanta ba. Madam na tsaye da agogo a hannu, duk ɗakin sun zagayo.

Goggo ta gyara zama, ta canza allura, ta kama bakin zare. Sai ta ce, "Bari in gwada ma ɗiyanga yadda a kai a Ƙohwar Kware." Ta rufe idanunta ruf. Yatsunta suka bi keken, maƙali bayan maƙali, ta sama, ta ƙasa, ta cikin ɗan ƙarfen da ke hawa da sauka. Ta lashi bakin zaren, ta gangaro da shi a jikin allura da farcen babban yatsa, ya zame sau ɗaya, ya zame sau biyu, a na uku ya fito ta ɗaya gefen. Wata ta rangaɗa guɗa. Madam ta ce, "Inna, wasa kike yi da mu?" Goggo ta buɗe ido ta ɗora kirginta a kan feda. Tik, tik, tik. A kwanar ƙarshe keken ya so ya zabura, ta ɗaga ƙafa, ta bar allura a ƙasa, ta juya fatar, ta ƙarasa.

Madam ta ɗauki murfin ta kai bakin taga. Ta auna da ma'auninsu na santimita, ta juya bayansa, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Tsallake ɗaya. Uku muke yafewa." Ban san lokacin da na rungume Bibata muka yi ta tsalle da takalman ƙarfe ba. Goggo kuwa cewa ta yi, "Ina tsallaken? Ba ni in ji." Ta shafa, ta ce, "Awo, gaskiyarki," ranta a ɓace, kamar ba ita ta ci ba.

A dawowa ba ta sauka daga bas ko sau ɗaya ba sai ta riƙe hannun direba ya rantse zai jira. Takardar tana naɗe cikin fata a ƙirjinta, takalman kuwa Madam ta ce ta tafi da su, tunda yanzu ba za su shiga ƙafar kowa ba. Alhaji Ummaru ya karɓi takardar, ya ga Faransanci ne, ya miƙo mini in karanta. Goggo ta ce, "Alhaji, bar takarda, a kunna man keke." Ta ɗinka masa kube na waya yana tsaye. A ranar na kira Hajara na ce su kai yadi wurin tela. Su tara suka fara, babu wadda mijinta ya hana. Ni ma na bar amsa waya, na kuma yi ta bin Alhaji da maganar ma'ajiyar kaya har ya gaji ya ba ni makulli, muka shimfiɗa tabarmi.

A watan da ya wuce ne Goggo ta yi karo da ƙofar ɗakin da wani ya bari a rabin buɗe, goshinta ya kumbura. Na matsa sai da muka je asibitin ido. Likita ya haska, ya sake haskawa, ya juyo ya tambaye ni wa ke yi mata jagora a gida. Na ce jagora kuma, ai ita ke riƙe da ɗakin ɗinki. Ya ajiye fitilarsa. Ya ce yanar ido ce ta rufe na dama, kuma irin kaurin da ta yi ba na shekara ɗaya ko biyu ba ne. Na hagun ma hazo-hazo yake gani, mutum da ƙofa, amma ban da abu ƙarami. Ya ba mu ranar aiki.

A cikin keke napep na kasa haƙuri. "Goggo, har a Yamai?"

"Tun gabanin Yamai."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In hwaɗi, Alhaji ya ɗora makauniya bisa keken lantarki? Mata tara, Saude."

"To ranar gwaji da kika rufe ido..."

Ta gyara hijabinta. "Mi za ni yi da su buɗe? Allurar ga ban taɓa ganin kafarta ba."